Manomin Jigawa a Ƙasar Firgi

Tunda gobe za ka kama hanya zuwa garin da aka tura ka aiki, Namadi, gyara zama in ba ka wani misali ka tafi da shi.

An yi wani manomi haifaffen ƙasar jigawa, inda rairayi yake da laushi har yaro ma yana iya noma da 'yar fartanya, ruwa kuma in ya sauka da safe kafin azahar ƙasa ta shanye shi. Da gonar gado ta yi musu kaɗan shi da 'yan'uwansa, sai ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa da ɗan hatsin ci da buhun irin gero, ya yi gabas. Ya sauka a wani gari da ke kan ɗan tudu, fili ya kewaye shi a shimfiɗe kamar faifai, ba dutse ba kwari, sai itatuwan ƙaya jefi-jefi. Ƙasar wurin baƙa ce wuluk, mutanen garin suna ce mata firgi. Da yake bazara ce, duk ta dare ta yi tsaga-tsaga, wata tsagar har ƙafar akuya takan faɗa ciki. Mai gari ya yanka masa gona mai faɗi. Shi kuwa da ya ga baƙin ƙasar sai murna ta kama shi, ya ce wa matarsa bana sai sun gina rumbu biyu. Ruwan farko na sauka ya fita da sungumi, ya shuka geronsa yadda ya ga ubansa yana yi. Wani dattijo mai gona kusa da tasa ya zo wucewa, ya yi masa barka da aiki, ya ɗan tsaya kamar mai son yin magana, amma da ya ga baƙon ko kai bai ɗago ba sai ya wuce abinsa. Manomin yana ta mamakin mutanen garin. Damina ta kama, su kuwa ba abin da suke yi sai ɗaga kunya a gefen gonaki don tare ruwa, da yayyafa iri a ɗan fili bayan gida. A ransa ya ce ragwaye ne kawai. Geronsa ya tsiro kore shar. Sannan ruwa ya yi ƙarfi, tsagogin suka rufe, ƙasar ta kumbura ta zama laka mai danƙo, in ka taka sai ta ƙwace maka takalmi. Ruwa ya kwanta a gonar har ƙauri, ya ƙi tafiya. Geron ya koma ruwan ɗorawa, ya ruɓe a tsaye. Hatsin da suka zo da shi ya kusa ƙarewa, mutumin ya fara tunanin yadda zai koma wa 'yan'uwansa hannu rabbana.

Matarsa ce ta ce masa ita dai a bakin rijiya ba ta ga macen da hankalinta ya tashi ba, tuwo kuma ana tuƙawa a kowane gida, don haka ya daure ya je ya tambaya. Ya yi nauyin ƙafa, amma daga baya ya nemi goro ya tafi wurin dattijon nan, ya durƙusa ya faɗa masa abin da ya same shi. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Ai ƙasarmu ba ta shan ruwa da gaggawa kamar taku, ajiye shi take yi. Sai sama ta gama nata aikin, sannan mu fara namu." Ya kai shi bayan gida ya nuna masa abin da suka yayyafa, ashe renon masakwa ne, wata irin dawa, ya ce in lokaci ya yi ya zo ya ɗebi dashe. Da ruwa ya janye suka sassabe ciyawa suka ƙone. Dattijon ya nuna masa yadda ake soka icce mai kaifin baki a yi rami, a zuba ruwa ɗan ƙoƙo, a sa dashe biyu, a wuce gaba. Manomin ya yi yadda aka ce, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba, don bai taɓa jin wanda ya yi shuka bayan ruwan ƙarshe ba. Sama ta washe, sanyi ya shigo, ƙasa ta sake darewa. Wata safiya ya kasa haƙuri, ya tona gindin wata shuka, ya zura hannu har gwiwar hannu. Can ƙasa ya taɓo laka mai sanyi da danshi, ga saiwoyi sun nutse cikinta. Ya zauna a wurin yana dariya shi kaɗai. A lokacin da a gonakin garinsu na jigawa ba abin da ya rage sai kara da awaki, tasa gonar tana kore a tsakiyar rani, ba ɗigon ruwan sama, sai raɓa. Kafin sanyi ya fita zangarniyoyi suka nuna, manya-manya, har suna rinjayar kara. Ya cika rumbu, ya kai wa dattijon dami, ya aika wa 'yan'uwansa da nasu. A garin ya zauna, a nan ya aurar da 'ya'yansa, a nan ya tsufa cikin rufin asiri.

Shi ya sa Hausawa suka ce, matambayi ba ya ɓata.