Naman Kazan da Ya Tsiro a Gindin Ayaba

Ka shigo mini rai a ɓace, wai aikin da ka soma ya lalace tun bai je ko'ina ba, za ka tattara ka cinna masa wuta. Ajiye ashanar tukuna, ka ji wannan misali.

Wata mata ce matan unguwarsu suka zaɓa, suka tura ta birni ta koyo noman naman kaza, irin wanda ake shukawa a ɗaki cikin leda, don in ta dawo ta koya musu. Ta dawo da kwalbar iri guda tak, tana lallaɓa ta kamar ƙwai. Ta kwashe tarkacen ɗakin ajiyarta, ta wanke shi tas, ta cuɗa garin katako da dusa da buntun shinkafa, ta turara yadda aka nuna mata, ta ɗura a ledoji, ta zuba iri, ta ɗaure. An ja mata kunne cewa leda in an ɗaure ba a kwancewa sai farar saiwar irin ta game ta. To, amma ɗoki mugun abu ne. Duk maƙwabciyar da ta yi sallama sai ta ja hannunta zuwa ɗaki ta kwance mata bakin leda, wannan ta sa yatsa, waccan ta sunsuna. Ba a jima ba koriyar fumfuna ta bayyana, irin ta tuwon da aka manta a kwano, ta bi ledojin ɗaya bayan ɗaya har ɗakin ya ɗauki wari. Matar nan ta sha kuka. Ba asarar dusa ce ta dame ta ba, kunyar matan da suka damƙa mata amana ce, ga iri ya ƙare, ga ranar koyarwa tana matsowa. Har gidan suna ta daina zuwa don kada a tambaye ta. Mijinta ya ce a ƙone su kowa ya huta. Amma ita ta tashi a gidan da ba a ƙona dusa, kakarta takan ce abin da ya fito daga hatsi ƙasa ake mayar wa. Sai ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta kwashe ledojin zuwa can bayan gida, nesa da ɗakin, inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa gindin ayaba. Ta yage su, ta sare wuraren da suka fi kore ta watsa a juji, sauran ta farfasa ta binne a rami marar zurfi, ta lulluɓe da busasshen ganyen ayaba. Ita dai taki ta yi niyya, ko ayabar ta amfana.

Abin da ba ta sani ba, a rufaffen ɗaki ne fumfuna ke cin karenta ba babbaka. A waje kuwa fumfunar ta tarar da iska da tsutsotsi da ƙwari da sauran mazauna ƙasa, kowa na neman rabonsa, sai ƙarfinta ya karye. Farar saiwar nan kuma ashe da sauran ranta. Damina ta kankama, aka tafka ruwa, da safe matar ta fita zubar da ruwan wanke-wanke, sai kwano ya suɓuce daga hannunta. Ganyen ayabar ya ɗago, a ƙarƙashinsa naman kaza ne fari fat, curi-curi, wani bisa wani, wasu sun kai faɗin tafin hannu! Ta durƙusa ta juya guda, ta duba cikinsa, ta sunsuna, domin ta san akwai na daji mai kisa. Nata ne, shi ne sak wanda ta gani a wurin koyo. Ta rangaɗa guɗar da ta tarwatsa kajin gidan, ta fita da takalmi wari ɗaya tana bin gida-gida: "Ku fito ku gani! Ya fito! Wallahi ya fito!" Matan da take gudu jiya suka cika bayan gidan maƙil, ana tafi ana shewa, ranar ƙamshin miya ɗaya ne ya tashi a unguwar. A nan ne wata ta faɗi abin da suka daɗe suna ɓoyewa: yawancinsu ba su da ɗakin da za su ware wa wannan noma, dama kara kawai suke yi mata. Amma wace ce ba ta da inuwa da makwararar ruwa a bayan gida? Ta kai wa malaminta na birni mafi kyawun abin da ta tsinka, ya cire mata sabon iri. Ta koma haɗa ledoji a ɗakinta, wannan karon ko uwarta ce ta zo ba ta kwancewa, in saiwa ta game su, sai matan su ɗauka su binne a bayan gidajensu. Ranar koyarwa, a gindin ayaba aka shimfiɗa tabarma.

Ka gani? Da ledojin farko sun yi kyau a ɗaki, da masu ɗaki ne kaɗai za su ci moriya, sauran su yi ta kallo. Don haka mayar da ashanarka aljihu, ka je ka duba abin da ya lalace ɗin, wataƙila wurin zama ne bai dace da shi ba. Hausawa sun riga sun faɗa: wani hani ga Allah baiwa ne.