Yau Ba Za Ka Shiga Ba

"Baba, ka saka ni. Ko na minti biyar ne."

Koci Amos Tillery bai ko waiwayo ba. Yana tsaye a bakin filin ƙwallon kwalejinsu, ido a kan ciyawar da ta kusa cinye farin layi.

Kaf jihar Ohio an san Tillery a wasan ƙwallo irin na zari-ruga. Zamanin da babu hular kariya, sai dai ɗan wasa ya tara suma ta tare masa karo, shi ne mai rungumar ƙwallo ya keta ƙarti goma. Da ya zama koci, bai san tausayi ba. Ko jini kake zubarwa, maganarsa ɗaya ce: tashi ka koma.

Amma wannan ɗansa ne, Wendell, tilo, kuma ya riga ya sha karo a ka. Ga shi wasan ƙarshe ne, da kwalejin Millbrook, abokan gaba na gado.

"Na rantse garau nake, Baba."

"Garau? Kana haki kamar tsohon doki? Kuma uban wa ya ce ka aske suma?"

Mai roƙon ya ƙara jan hularsa ƙasa.

Lavinia, matar kocin, tana bayansu riƙe da mayafi. Ta san mijinta: idan ya dafa kafaɗar yaro, to ya tura shi fili ke nan. Hannun ya tashi a hankali, ya tsaya a iska.

Sai ya sauke shi, bai dafa ba.

"A'a. Su cinye mu. Kofin gasa ba zai taɓa kirana Baba ba. Zauna."

Mai roƙon ya zauna a benci.

Tillery ya juyo, fuskarsa ta washe. "Na kyauta ko, Lavinia?"

"Ka kyauta," ta ce, hawaye na zuba. Ta yafa masa mayafin, ta kama hannunsa suka nufi gida.

Sai da suka ɓace na bencin ya cire hula, ya shafa sanƙonsa, ya dubi filin da babu kowa. Sunansa Otto Brandvold, ɗan wasan Millbrook da ya faɗa a wuyan Wendell shekara ashirin da suka wuce, ranar da hannun nan bai tsaya a iska ba. Daga wannan faɗuwar Wendell bai sake tashi ba. Tun da hankalin tsohon ya gushe, kowace Asabar yake zuwa don a hana shi shiga.