Ƙodar Yafet

"Mama, ba zai yiwu ba," in ji likita. "Jikin Paulina ba zai karɓi ƙodar ɗanki ba."

Daga Kagoro muka zo Abuja, ni da ɗana Yafet da Paulina, ƙawata ta benci ɗaya a coci. Ƙodarta ta mutu. Ni na sa Yafet ya ba ta ɗaya.

Na ce, "Likita, warware mini."

Ya ce akwai sojoji a jinin mutum, kowane nama kuma da tambarin gidansu. Sojojin Paulina sun riga sun san tambarin Yafet. Suna gani za su far masa.

"A ina suka san shi?"

"Ko an taɓa ƙara mata jini, ko ta taɓa ɗaukar cikin mai irin tambarin."

Paulina ko allura gudu take yi. Ciki kuwa ɗaya ta taɓa yi, na Dinah, wadda aka ce babanta soja ne da ya ɓace. Ni na yi mata wankan jego.

Na juya. Paulina tana kallon silifas ɗinta.

Na ce, "Ashe sojan nan a ɗakina yake kwana. Tashi mu tafi, Yafet. Marigayi babanka ya riga ya ba ta rabonta."