Alewar Da Ta Kayar Da Ayikwei

Tun da aka sa ranar karawarsa da Sowah, Ayikwei ya daina cin abincin gida. Matashin ɗan dambe ne a unguwar Bukom ta birnin Akara, kuma in ya doke Sowah zai samu damar neman kambun ƙasa. Sai dai nauyinsa ya ɗan haura na ajin da zai yi wasa a ciki.

Wani mai shagon kayan motsa jiki ne ya kawo masa katan guda na alewar furotin. Kamar kantun gyaɗa take, a naɗe cikin leda mai sheƙi da hoton wani ƙato a jiki.

"An zuba mata sinadarin gina jiki da bitamin iri-iri," in ji mai shagon. "Ita kaɗai za ka riƙa ci. Nauyi zai sauka, ƙarfi kuma yana nan daram."

Ayikwei ya ɗauki maganar da gaske. Safe alewa, rana alewa, yamma alewa. Ruwa ma kurɓa kawai yake yi. Ga gudu a bakin teku, ga dukan buhu har gumi ya ƙare.

Mahaifiyarsa, Awo Dedei mai bandar kifi, ta juya alewar a hannu ta taɓe baki.

"Kai Ayi, abin da ko ɓera ba zai ƙoshi da shi ba, shi ne abincin namiji?"

"Awo, kimiyya ce. Ba za ki gane ba."

"To, kimiyya ta ci dokunu tukuna. Ga shi da kifi da yaji."

Ta ajiye kwanon dokunun, wato tuwon masara mai tsami, a gabansa ta ƙi ɗauka. Ƙamshin ya buga masa hanci, sai ya sa ƙafa ya shure kwanon. Yaji ya fantsama a zanin tsohuwar. Ta duƙa ta tsince kifinta.

Yunwa ta mayar da shi abin tsoro. Wata rana a wurin atisaye wani abokinsa ya ce, "Ga ɗan alewa ya iso!" Ayikwei ya cire safar hannu ya rufe shi da naushi, ya haɗa kansa da bango, bai sake shi ba sai da haƙora biyu suka faɗo ƙasa. Da ƙyar aka ɓamɓare shi. Yana gamawa ya zube a kan benci yana haki.

Mai horar da shi, Ataa Laryea, ya tsaya a kansa. "Dubi yadda kake kakkarwa. Ƙarfin fushi gare ka, ba na jiki ba. Ka je ka ci abinci."

"Ataa, sikeli ya ce na sauka. Me kuma ake nema?"

Ranar wasa da la'asar filin ya cika maƙil, ganguna na tashi. Ana kaɗa ƙararrawa Ayikwei ya yi kan Sowah kamar zai cinye shi. Ya tsaga masa gira, jini ya wanke masa rabin fuska. 'Yan Bukom suka ɗauki ihu.

A zagaye na uku ƙafafunsa suka yi nauyi. Yana ganin naushi na tahowa, amma hannu ya ƙi tashi ya kare. Sowah ya gane. Ya tura shi kusurwa ya fara saran haƙarƙarinsa, dama, hagu, dama. Ya ɗaga ya fasa masa hanci. Robar baki ta yi tsalle ta faɗa cikin 'yan kallo.

Da aka tafi hutu Ataa Laryea ya ɗauki tawul zai jefa a tsayar da wasan. Ayikwei ya damƙe masa wuyan riga, jini na ɗiga daga haɓarsa.

"Ataa, in ka jefa, ba ni ba kai har abada."

Tsohon ya sauke hannu.

Zagaye na gaba bai yi nisa ba. Sowah ya narka masa naushi a muƙamuƙi, ya ƙara a gefen kunne. Ayikwei ya faɗi ta baya, ƙeyarsa ta bugi katakon fage, ƙarar ta kai har layin ƙarshe. Ƙafafunsa suka miƙe suna shure-shure. Ganguna suka yi tsit. Muryar Awo Dedei kaɗai ake ji tana kutsawa cikin maza tana kiran, "Ayi! Ayi!"

A asibiti aka buɗe kansa aka kwashe jinin da ya taru. Da likita ta ji abin da ya riƙa ci, ta dafe goshi.

"Awo, alewar nan ba guba ba ce. Akwai abin gina jiki a cikinta, amma ɗan kaɗan ne, wasu ma sukari ya fi yawa. An yi ta ne a ɗan taɓa bayan motsa jiki. Mai irin wannan aiki yana buƙatar hatsi, da kifi ko wake, da ganye, da ruwa mai yawa. Ɗanki ya shiga fage da jikin da ya riga ya ci kansa."

Ayikwei ya rayu, amma bai sake hawa fage ba. Yana jan ƙafa ɗaya, magana kuma sai ya daɗe yana nema kafin ta fito. Bai kai shekara ashirin da biyar ba.

Jama'a, alewar furotin ƙari ce a kan abinci, ba madadinsa ba. Kafin ku bar tukunyar gida saboda abin da ke cikin leda, ku tambayi likita, kada ku tsaya kan maganar mai sayarwa.