Hawayen Haya a Gidan Tasallah

Tun da na'ura ta ƙwace sana'ar fim, tsofaffin 'yan wasa suka koma zuwa biki da makoki a kan haya.

Ranar sadakar ukun mijinta, Tasallah ta ƙura wa wata baƙuwa ido. Matar ba ta ɗaga murya ba. Leɓe kawai ta cije, hawaye na gangarowa ta ido ɗaya. Tasallah ta san wannan kukan. Shi ya hana ta cin abinci tana budurwa, a fim ɗin da matar ta fito uwar da ɗanta ya nutse a kogi.

Ta ja ta bayan ɗaki.

"Baiwar Allah, wa ya yi hayarki? 'Ya'yana?"

"Marigayin ne, Hajiya, tun bara. Yana tsoron a rasa mai yi masa kuka."

Tasallah ta ce, "Ke kaɗai ya ɗauka?"

"Mu ba ma tona asirin juna."

Da ta koma ɗaki, maƙwabciyarta Kande, wadda ta tare a unguwar bara, ta riƙo hannunta tana kuka. Tasallah ta zare hannun a hankali, tana duba wane ido ne yake zubarwa.