Katakon Tsallaken Kogi

"Hagu," in ji tsoho Toktosun. "Hagu da kamu guda. Sake."

Ɗansa Kubat ya sake manna kuncinsa a gindin bindiga. Can tsallaken kogi, katakon da ya kafa ranar da ya iso ya koma kamar ƙwayar shinkafa, ko ta cikin madubin bindiga. Ya saki rabin numfashi, ya lallaɓa kunama kamar yadda aka koya masa. Ƙara ta zagaya duwatsu ta dawo.

"Sama," uban ya ce, madubin hangen nesa a fuskarsa. "Gajimare kake harbi? Bai ci maka tunkiya ba."

Kubat ya sake ɗura harsashi. Wanda ya bar garken ubansa ya tafi birnin Bishkek tuƙin tasi, yana leƙo gida sai an yi rasuwa, ba shi da bakin magana. Uwarsa Burul ce ta sa aka kira shi. Kyarkeci ya gano cewa bindigar gidan ta yi shiru, ya fara da 'yan raguna, ya kai ga ɗaukar ɗan doki da rana tsaka. Tsohon kuwa, wanda a da yake kayar da akuyar dutse daga wannan tsauni zuwa wancan, ya rataye bindiga, wai kafaɗa ke damunsa.

Kyarkecin tudu ba ya bari a matso shi. Ko ka same shi daga nesa, ko ka sauko da garke rabi kafin ƙanƙara ta zubo. Gida mai rabin garke kuwa ba ya kai bazara da mutuncinsa.

Don haka kullum da hantsi suke hawowa su kwanta a kan shimfiɗar ulu. Tsohon ya san aikinsa. Ba ya duban ciyawa don sanin iska, kunci yake juya mata. In Kubat yana murɗa ƙullin madubi don harsashi ya kai nisa, uban yakan karkata kunne ya ce, "Ka zarce, koma ɗaya." Amma da zarar an harba, hukuncin ɗaya ne. Dama. Ƙasa. Hagu. Ko sau ɗaya bai ce ya samu ba.

Kubat ya so ya je ya duba da idonsa. Kogin ya cika da narkakkiyar ƙanƙara, uban kuma ya hana. "Mai koyo ba ya zuwa kallon abin kunyarsa. Ni na faɗa maka, bai ishe ka ba?"

A tanti, Burul takan ɗora kwanon madarar goɗiya a tafin mijinta, ta naɗe yatsunsa a kai. Kubat ya ɗauka shagwaɓar tsufa ce. Kowane harsashi da ya watsar, ɗan rago ne aka rabu da shi don a samo shi. Da ya zauna a gida tun yana saurayi, da hannun nan ya daɗe da faɗawa. Ya bari sai da sitiyari ya lalata shi.

Wata safiya suka tarar da tunkiya a bayan garke, an farke mata ciki. Ranar Kubat ya harba har kafaɗarsa ta yi jawur. Uban ya sauke madubi ya ce, "Tashi mu tafi." Wannan ya fi zagi zafi.

"Inna, gobe zan koma," ya ce da uwarsa a wajen tatsa. "Ku nemi ɗan maƙwabta ya riƙe bindigar. Ni asara nake ja muku."

Burul ba ta ɗago daga gindin goɗiya ba. "Tafiya ai ka iya ta. Amma ka ɗauko mini katakona tukuna. Murfin akwatin garina ne, nan kuwa bishiya ba ta tsirowa."

Ruwa ya ɗan ja baya. Kubat ya tuɓe takalma ya rataya a wuya, ya kutsa, sanyi yana saran ƙashinsa. Ya hau gangaren yana shirin ganin katako lafiyayye.

Bai same shi lafiya ba. Tsakiyar da'irar da ya zana da gawayi ta cinye ƙurmus, rami a kan rami, har hannu yana iya wucewa. 'Yan ramukan gefe sun riga sun yi baƙi, na kwanakin farko ke nan.

Ya daɗe a tsaye. Kunyar da ya yi ta haɗiya ta juye ta zama wuta. Ashe horo ake masa. Ashe tsohon nan ramuwar shekarun Bishkek yake yi, da harsashi da tumaki, don dai ya ga ɗansa yana sunkuyar da kai.

Ya dawo ba takalmi, ƙafafunsa ba sa ko motsa tsakuwa. Toktosun yana zaune a ƙofar tanti, rana ta haske masa fuska, yana murza igiyar linzami. Kubat ya tsaya dab da shi, ya ɗaga katakon a gabansa, baƙin ciki ya hana shi furta komai.

Tsohon ya ɗago, ya zuba wa ɗansa ido ta cikin ramin katakon, ya gyara zama irin na karɓar baƙo.

"Wa ke nan? Yi magana mana, bawan Allah. In ɗana kake nema, ya tafi kogi."