Kashin Giwar Mustapha

Da hantsi Takama ya isa rumfar mai shayi a tashar Konni, ya tarar an yi wa Mustapha zobe. Mustapha direba ne, maigidansa ya tafi da shi Kenya taro, wai har an shiga da su gandun namun daji. Ga shi nan ya ɗaga salula yana nuna hoto: giwaye goma sha, bayansu wani ƙaton dutse da farar hular ƙanƙara.

Takama ya leƙa, ya yi tsaki. Ƙanƙara bisa dutse, rana na dukanta! A Konni ƙanƙarar mai lemo ko azahar ba ta kaiwa.

Da a hoto aka tsaya, da ya wuce abinsa. Amma sai Mustapha ya kwance buhu ya fiddo tsaraba: wani curi ja-ja, kamar kan jariri, duk zaren ciyawa. Kashin giwa, in ji shi, da hannunsa ya ɗauka. Kowa ya tsinka, kyauta.

Shekara ashirin Takama ke sayar da kashin giwa, daga Illela har Tsarnawa. Yaro ya cika firgita, ko amarya ta cika mafarki, wajensa ake zuwa a sayi ƙulli a yi hayaƙi. Nasa baƙi ne sul, mai laushi, ƙanana kamar daddawa. Kowa a wurin ya san shi, wasu ma da shi aka raine su.

Hajiya Badi'a, ungozomar da rabin cinikinsa ke bi ta hannunta, ta juya curin ta dube shi.

"Malam Takama, wanga bai yi kama da naka ba hwa. To wane na gaskiya? In naka na ƙarya, na bar aiko maka mata."

Takama ya share zufa, ya karɓi curin. Ya daɗe yana kallonsa. Ya shinshina, ya murza, sannan ya ƙyalƙyale da dariya har rawaninsa ya karkace. Ya dubi Mustapha.

"Ƙanena, mi mutanen Konni sunka yi maka? Dabbar da ke cin itatuwan magani ɗari, ita za ta kada kashi duk tattakar ciyawa? Wanga kashin shanu na, an cuɗa da bunun katifa! Hajiya, shinshina. Kin ji ƙamshi?"

Hajiya ta shinshina, ta yamutsa fuska. Babu ƙamshi. Na gaskiya kuwa ƙamshi gare shi, wannan ko jikanta ya sani.

"Wallahi gabana ta yi shi!" in ji Mustapha. "Da ɗumi na ɗauka!"

Ai sai rumfa ta ɗauki ihu. Wani ya ce hoton ma haɗi ne, wani ya ce a bincika, ƙila nan kusa, garin Malbaza, ya tsaya ya yi kwana goma. Mustapha ya ɗaure buhunsa, ya fita ko shayinsa bai shanye ba. Tun ranar ake kiransa Da-Ɗumi.

Hajiya ta ba Takama haƙuri, ta ce a kai mata ƙulli talatin.

Ya koma gida a hankali, ya kulle ƙofa, ya zaga bayan rumbu inda yake ajiye turmi da garin gawayi da turaren wuta. Ya zuba wa tsohon jakinsa harawa ninki biyu, ya shafa masa kunne.

"Ci, toron giwa, ci. Ƙulli talatin aka jira gare ka."